Kunkuru, Ɗan Aiken Inna

Ni ce 'yar fari a gidanmu na Gwandu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunana ba. Ba ta kallon idona, ba ta tambayata ko na ƙoshi, kuma idan baƙi suka yabe ni sai ta tashi ta ba su wuri kamar maganar ba ta shafe ta ba. Kunyar ɗan fari ke nan irin ta gidajenmu, Inna kuwa ta riƙe tata da hannu biyu. Amma uwa ba ta rasa abin da za ta gaya wa 'yarta, saboda haka sai ta samo ɗan aike. Ɗan aiken nan kunkuru ne.

Tsoho muke ce masa. Kakana ne ya tsinto shi a daji tun kafin a auro Inna, ya girma a gindin rumbunmu har ya kai sai mutum biyu ke iya ɗaga shi. A gefen ƙoƙon bayansa, ta wajen wutsiya, akwai huda biyu. Ta farko kakana ya yi ta da basilla don a ɗaura igiya. Shekara da shekaru igiya ta yi ta cin hudar har bakinta ya ɓalle, sai Baba ya yi ta biyu kusa da ita. Haka ake yi a duk gidan da ke da kunkuru a wajenmu, don in ba a ɗaure shi ba zai gina rami ya ɓulla gidan maƙwabta. Wasu na cewa yana tsare gida daga sharrin baki. Baba, Allah ya jiƙansa, cewa yake camfi ne, amma kuma shi ne mai ɗauko masa harawa daga gona.

Idan na daɗe wajen wasa, Inna za ta tsaya gaban rumbu ta ce, "Kai Tsoho, ka gaya ma wagga tuwo na sanyi." Ni kuwa ina tsaye taku uku daga inda take. Ranar da na ci jarrabawar shiga jami'a cewa ta yi, "Tsoho, an ce wasu sun yi ƙoƙari. Ka ce Allah shi ƙara." Ranar da za a kai ni ɗakin miji, duk nasihar aure kunkurun nan ne ya sha ta, yana taunar ɓawon kankana, ni ina zaune a bayansa ina kuka. Da waya ta zo ma ba a canja tsari ba. Ƙanena, wanda shi ke riƙe da gidan bayan rasuwar Baba, zai kai wayar gindin rumbu ya buɗe murya, Inna ta ce, "Tsoho, ka tambayi mutanen Ikko ƙaƙa yara." Sai in amsa daga can.

Ikko ita ce Legas a bakin Inna, can aiki ya kai ni bayan na karanta ilimin dabbobi. Aikina shi ne duba namun daji da sassan jikinsu da ake shigowa da su ko fita da su daga ƙasa. Mataccen kaya, irin su fatar mesa da ta guza, ta tashar jiragen ruwa yake bi, mai rai kuwa ta rumfar kaya ta filin jirgin sama. A karanta takarda, a buɗe akwati, a ga ko abin da ke ciki shi ne abin da aka rubuta, sannan a buga hatimi. Dokar irin kunkurunmu na Arewa a fili take: wanda aka ƙyanƙyashe a gonar kiwo mai lasisi yana iya fita, wanda aka kamo a daji ko aka kwaso daga gidajen mutane ba ya fita. Ejan-ejan ɗin da ke fitar wa 'yan kasuwa kaya sun san ni da zafin rai. Da sun hango hijabina daga bakin ƙofa sai ka ji ana cewa ga ta nan zuwa. Ina jin daɗin wannan suna, ba zan ɓoye ba, shi ya sa abin da zan faɗa yanzu har yau yake ci mini rai.

Wata rana da damina aka tafka ruwa tun safe, rumfar na yoyo, layin masu kaya ya kai waje, ni kuma zazzaɓi na taɓa ni. Aka turo mini wasu akwatunan katako masu koren fenti. Takarda ta ce kunkuraye ne 'yan shekara biyu zuwa uku, kiwon gona, za su wata ƙasar Turai. Na sa aka buɗe uku. 'Yan ƙanana ne kamar tafin hannu, suna yawo a kan dusar katako, idonsu garau. Na ga hudojin iska layi biyu a jikin kowane akwati, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na kuma ji lebura na nishi wajen ɗaga su. Duka biyun na gani na ji, ban tambayi kaina komai ba. Na buga hatimi, na sa hannu, na kira na gaba.

Da kaka na ɗauki hutu na tafi gida. Tun kafin nan na lura kusan wata biyu ban ji muryar Inna a waya ba. Duk sanda na kira, ƙanena sai ya ce ta fita unguwa, ko tana salla, ko ta kwanta. Ina shiga gida, ko jaka ban ajiye ba na leƙa gindin rumbu kamar yadda na saba. Turken yana nan, ramin yana nan, an toshe bakinsa da ɓaraguzan bulo.

Na ce, "Ina Tsoho?"

Ƙanena ya ce, "Yaya, ki zamna ki sha ruwa tukuna."

"Ban tambaye ka ruwa ba."

Ya sosa ƙeya. Ya nuna mini sabon ɗakin da ya gina, da wata tsaga da ta taso daga tushen bango har taga. "Shi yag gine ƙarƙashinai, Yaya. Kwana biyu bangon ga zai zube bisa yara. Sai ga wasu mutane daga Kalgo suna bin gida-gida suna sayen kunkuraye. Inna ta tahi Ceberu wurin suna, sai na sayar musu. Ni dai na ga dabba ce."

"Dabba ce? Kai da aka haifa jiya? Ya girme ka, ya girme ni, ya riga Inna shigowa gidan nan!"

Na yi masa tas, har matarsa ta ja yara ɗaki. Da na sauko ne ya gaya mini abin da ya fi faɗan nawa zafi. Ya ce da Inna ta dawo daga Ceberu ba ta yi masa faɗa ba. Ta je ta kwance igiyar daga turke, ta naɗe ta a hannu, ta shige ɗaki da ita. Tun ranar, in ya kawo mata waya sai ta girgiza kai.

Kwana uku na yi ina ganin abin da idona. Da safe in durƙusa a ƙofar ɗakinta in gaishe ta, ta ce "lahiya" tana kallon bango. Da rana in tarar da ƙwaryar fura a bakin ƙofata, an dama ta da kauri yadda nake so. Shi ke nan. Matar ƙanena ta ce, "Inna, in da saƙo ki ba ni in kai ma Yaya." Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Na gane dalili: mutum yana da ido, zai kalle ta lokacin da take faɗa, zai kuma san tana ƙaunar 'yarta. Kunkuru ne kaɗai ba ya sa ta jin kunya. Ga ni da shekara arba'in da 'ya'ya uku, ina zaune a tsakar gidan ubana kamar marainiya, uwata na taku goma daga gare ni. A rana ta huɗu na ce wa ƙanena ya tayar da babur, za mu Kalgo, kuma ba zan dawo gidan nan ba sai na san inda Tsoho yake.

Mun sami mai sayen a wani kango bayan kasuwa. Dattijo ne mai fara'a, ya shimfiɗa mana tabarma, ba alamar ya san yana yin wani laifi. Ya ce wani Alhaji ne daga Ikko ke aiko masa, shi kuma ya bi ƙauyuka, daga Wurogauri har cikin Gwandu.

Na ce, "Baba, akwai wani babba mai huda biyu, ɗaya ta ɓalle."

Ya yi dariya. "Hajiya, ai duk huda gare su. Wa ka tsayawa ƙirgar huda?"

"To ina suke?"

"Kashi biyu munka aika. Na farko tun ruwa na tsaka. Na biyu shekaranjiya mota tat tashi. Manyan sai an samu akwati aka sa su, ban iya ce miki ga kashin da naku yab bi."

Muna cikin magana ina jin ƙarar guduma a bayan kangon. Na tashi na leƙa. Kafinta ne ke haɗa akwati, ga gwangwanin koren fenti a gefensa. Ya riga ya huda layin iska biyu, yana kafa wani faffaɗan katako a tsakiyar akwatin, ya raba shi sama da ƙasa. Na tambaye shi amfanin katakon. Ya ce ƙanana a sama, manya a ƙasa, haka Alhaji ya ce a yi. Nan take na gane. Kashin farko, wanda ya tashi ruwa na tsaka, ni na buga masa hatimi da hannuna.

Ban gaya wa ƙanena ba. Na ce ya kai ni tasha a Birnin Kebbi, ya aiko mini da jakata daga baya. A cikin mota na kira wata abokiyar aikina na tambaye ta ko koren akwatuna sun iso rumfa. Ta ce sun iso, takardunsu sun cika, gobe da yamma jirginsu zai tashi. Na ce ta yi wa Allah kada ta bari kowa ya buga musu hatimi kafin in zo. Duk tsawon hanyar nan lissafi ɗaya nake yi: kashi biyu ne, Tsoho yana cikin ɗaya, kuma ɗaya bai tashi ba tukuna.

Na isa rumfa da hantsi, da kayan da na kwana da su a mota. Ogana mutumin kudu ne, ya kusa ritaya, ba ya son hayaniya, kuma ya yarda da takarda kamar yadda ya yarda da littafin addininsa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, da Turanci, "Madam, ai hutu kike. An buɗe uku, lafiya lau suke. Takardu sun cika."

Na ce, "Sun cika da ƙarya, ranka ya daɗe. A ɗora mini ɗaya a sikeli."

Aka ɗora. Na ce ya dubi nauyin, ya dubi 'yan mitsi-mitsin da ke sama, ya gaya mini ko duwatsu suka haɗiya. Ejan ɗin mai kayan, wani mai ƙamshin turare da baƙin tabarau, ya fara ɗaga murya cewa za a sa su rasa jirgi, kuma zai kai ƙara. Ban ko kalle shi ba. Na kwashe ƙananan na zuba a kwali, na karɓi ƙarfe daga hannun lebura, na soka a gefen katakon tsakiya na danna da ƙafata. Ƙusoshi suka yi ƙara suka saki. A ƙasa manya biyu ne, an jingina su a tsaye kamar faranti a kwando, an cusa buhu a tsakaninsu don kada su motsa. Wari ya bugi kowa, har oga ya ja da baya.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe yanzu ta fara. Ejan ya gyara murya ya ce ai waɗannan iyayen ƙananan ne, daga gona ɗaya suke, mai buga takarda ne ya manta bai sa su ba. Ya nuna hudar da ke bayan ɗaya ya ce ga ma shaida, nan gonar ke maƙala lambar kowane kunkuru. Na ga oga ya gyaɗa kai. Sauran abokan aikina ma sun gamsu, don duk cikinsu ba wanda ya taɓa ganin kunkuru ɗaure a gindin rumbu. Oga ya ce in haka ne sai a gyara takarda, kaya su bi jirgin mako mai zuwa.

Raina ya ɓaci, amma na san in na yi faɗa na yi asara. Na cire igiyar katin aikina daga wuya, na durƙusa, na zura ta cikin hudar na ja. Na ce oga ya matso ya gani. Hudar ba zagayayya ba ce, ta yi tsawo ta gefe ɗaya, ta gefen da dabbar ke jan igiya idan tana son tafiya, kuma bakinta ya yi sumul kamar bakin tsohuwar rijiya. Na ce lamba ba ta ja, igiya ce ke ja, kuma ba a shekara uku ko biyar igiya ke yin wannan cin ba. Na gaya masa yadda ake yi a garinmu, da turke da harawa da komai. Na sa aka fasa akwati na biyu, da na uku. Wani kunkuru ya fito da zoben waya a hudarsa, da guntun atamfa a ɗaure. Wata ta fito da ɗigon lalle a ƙoƙonta, irin wanda 'yan mata ke shafa musu in sun rage a ƙwarya. A akwati na biyar aka ciro wani da 'yar laya ta jan fata tana reto a bayansa.

Na ɗaga layar na ce wa ejan, "Wace gona ce ke ɗaura wa kunkuru laya?"

Oga ya cire tabarau ya goge, ya ce a rufe ƙofar rumfa, kaya ba sa fita, a kira jami'an tsaro.

Ana ta rubuce-rubuce da kiran waya, ni kuwa na bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda aka ciro sai in kai yatsa gefen wutsiyarsa. Huda ɗaya. Huda ɗaya. Wani ba huda, na daji ne. Wani ya riga ya mutu, shi ma sai da na shafa, ina addu'ar kada ya zama shi, ina kuma jin kunyar addu'ar. Da aka fasa na ƙarshe na sake bin su daga farko, ko na yi kuskure. Ban yi ba. Na zauna a kan simintin rumfar nan, cikin dusar katako da kashin kunkuru, a gaban ejan-ejan ɗin da ke tsorona, na yi kuka mai sauti.

Washegari na ɗauko fayil ɗin kashin farko. Nauyin kowane akwati na nan a rubuce, baƙi a kan fari, kuma ko ɗalibi ya duba zai san ba na ƙanana ba ne. A ƙasa ga hatimi, ga sa hannuna. Cikin rahoton da na rubuta na saka wannan duka, na ce ni na sallami kashin farko ba tare da na duba har ƙasa ba. Oga ya kira ni ya ce in cire wannan sakin layi, ba wanda ya tambaye ni, kuma zai ja mini takardar tuhuma. Na ce in na cire, wanda zai zo bayana ba zai san a duba layin iska na biyu ba. Takardar tuhuma ta zo kuwa, ƙarin girman da nake jira ya wuce ni a shekarar. Mun rubuta wa hukumar ƙasar da aka kai su, suka amsa cikin ladabi cewa kayan sun shiga da takardu ingantattu, an kuma rarraba su ga masu saye.

Saura waɗanda ke hannu. Kunkurun Arewa ba ya jure laimar Legas. Cikin mako biyu hancinsu ya fara zuba, suka daina cin abinci, biyu suka mutu. Aka ce a bar su nan har a gama shari'a. Na ce kafin a gama shari'a ƙoƙo kawai za a tarar. Kullum da safe in biya kasuwa in cika buhu da ganye da kabewa, in fito da kunkurayen rana in ta leƙo, sannan in ɗauki fayil in shiga bin ofisoshi. Akwai wani babban jami'i da na zauna a ƙofar ofishinsa kwana huɗu a jere, har sakatariyarsa ta fara ajiye mini kujera. Na ce a ɗauki hoton kunkurayen a matsayin shaida, a mayar da su ƙasar da ta haife su. Ban san ko hujjata ce ta yi aiki ko gajiya da fuskata suka yi ba, amma dai an sa hannu. Aka ce a kai su wani fili da aka killace a bayan Kalgo, ƙarƙashin kulawar ma'aikatan gandun daji. Ni na zauna a gaban motar da ta kai su.

Na riga na gaya wa ƙanena a waya cewa Tsoho ba ya ciki, na ce ya sanar da Inna. Ashe ya kasa. Washegarin isowarmu da la'asar sai ga shi ya kawo ta a mota, ita da ba ta son fita. Ta sauko a hankali tana dafa ƙofa, idonta ya riga ya yi rauni a lokacin. Da ta gyara mayafi na hango abin da ke hannunta. Igiyar ce, a naɗe.

Ba ta kalle ni ba. Ta shiga filin, ta durƙusa gaban na farko, ta kai yatsa gefen wutsiyarsa, daidai yadda na yi a rumfa. Ta tashi ta je ga na biyu. Ƙanena ya buɗe baki zai yi magana, na harare shi ya yi shiru. Muka bar ta ta bi su duka, tana dafa gwiwa tana tashi, har ta kai na ƙarshe, wani tsoho mai tsagaggen ƙoƙo da ke kwance a inuwar ƙirya. Ta shafa, ta daɗe hannunta na wurin. Sai ta zauna a ƙasa.

Na je na durƙusa a bayanta. Tun daga Legas nake shirya yadda zan faɗa, amma da na zo sai maganar ta fito tsirara. Na ce, "Inna, Tsoho ya riga ya tafi ƙasar Turawa. Ta hannuna ya bi. Yana cikin akwati a gabana, ban buɗe har ƙasa ba, na sa hannu. Ba zai dawo ba."

Ba ta juyo ba. Ina jin numfashinta, ina jin kunkurun nan na jan ciyawa. Na ce a raina shi ke nan, na kashe ɗan aike da hannuna, ba kuma za ta sake yi mini magana ba har ƙarshen rayuwarta. Can sai ta miƙa hannu ta tsinko ganye ta ajiye a gaban mai tsagaggen ƙoƙon.

Ta ce, "Kai baƙo, ban san ka ba, amma ka yi man aike. Ka tambayi wagga, can inda yat tahi akwai rana?"

Na so in yi mata ƙarya. Na kalli kunkurun, na ce, "Ka gaya mata babu sosai. Ƙasar sanyi ce. Amma masu sayensu na kunna musu fitila mai ɗumi a cikin ɗaki."

"Ka ce suna ba su harawa?"

"Ka ce ban sani ba."

Ta juya igiyar a hannunta sau biyu, sannan ta ajiye ta a ƙasa ta tura ta baya, har ta taɓa gwiwata.

"Ka ce ta tahi da wannan wurin aikinta, ni ba ni da abin ɗaurewa. Kuma ka ce mata ta rame. Duk wanda ya gan ta sai shi ce ba ta da uwa."

Igiyar tana cikin aljihun teburina a rumfa, tare da hatimi, sai na ɗaga ta nake kaiwa gare shi. Inna ta rayu shekara biyu bayan nan. Ba ta yarda an kawo mata wani kunkuru gida ba, ba ta kuma karɓar waya. Amma duk hutun da na zo, da na ajiye jaka sai ta yafa mayafi ta ce wa ƙanena ya tayar da mota, tana da saƙo a Kalgo.